Kutse cikin gida a dokar laifuka ta Arewa

Kutse cikin gida laifi ne da sashe na 343 na Dokar Final Kod ta Arewacin Nijeriya ya fayyace. Dokar ta fara aiki a 1960, an kuma gina ta bisa ta Sudan, wadda ta samo asali daga dokar Indiya ta 1860. Laifin shi ne shiga ko zama a mazaunin mutane, wurin ibada ko ma'ajiyar kaya da niyyar aikata laifi, tsoratarwa ko cin mutuncin mai wurin. Ko hannu kaɗai aka zura ta taga, an shiga. Dokar ta haɗa har da taragon jirgin ƙasa, don haka wanda ya kutsa taragon kaya a tashar Kano da mugun nufi ya faɗa wannan sashe. Hukuncin ɗauri ne ko tara, yana kuma tsananta idan an fasa gida da dare.

A 2000 Kano ta kafa dokar laifuka ta Shari'a ga Musulmi, waɗanda ba Musulmi ba kuwa, kamar yawancin mazauna Sabon Gari, kotun majistare ke yi musu shari'a da Final Kod. Ita kuwa Indiya ta maye gurbin dokarta ta 1860 a 2024: a kan wannan laifi, iyakar ɗaurin shekara ɗaya ba ta canja ba, iyakar tara ta tashi daga rupi 1,000 zuwa 5,000.