Tarihin Fim Ɗin Pariah da Gidan da Ya Nuna

Manyan kamfanonin Hollywood sun daɗe ba sa zuba kuɗi a labarin budurwa baƙar fata 'yar maɗigo. Masu shirya fim da ƙaramin jari ne suka buɗe wannan hanya a Amurka. Cheryl Dunye ta fitar da The Watermelon Woman a 1996. Dee Rees ta fara Pariah a matsayin gajeren fim a 2007, ta faɗaɗa shi da abin da bai kai dala dubu 500 ba, aka nuna shi a bikin Sundance na 2011. Ƙarancin jarin ne ya bar mata 'yancin tsayawa a cikin gida, inda ciwon yake. Alike, 'yar shekara 17 a Brooklyn, wadda Adepero Oduye mai tushen Najeriya ta fito a matsayinta, tana cire hular samari da faffaɗar riga a cikin bas, ta maƙala 'yan kunne kafin ta isa ƙofar mahaifiyarta.

Wasu za su ce irin wannan fim tallar ɗabi'a ce kawai. Mai talla yakan mayar da abokin gaba dodo, Rees kuwa ba ta yi wa uwar haka ba. Audrey, mahaifiyar Alike, mace ce mai riƙo da coci, mijinta ɗan sanda ya juya mata baya, tana sayo wa 'yarta riga ruwan hoda domin tsoron rasa ta. Har ranar da ta doki yarinyar, kyamara ba ta ɓoye kaɗaicinta ba, kuma fim ɗin ya ƙare ba tare da an sasanta su ba.