Karnuka 51 da aka ce ba sa gyaruwa: tarihin pitbul da shari'ar 2007 🧵

1/ Jiya wani bidiyo ya zagaya na pitbul da ya ciji yaro, kusan kowa a ƙasan bidiyon magana ɗaya yake yi: a kashe su duka, jininsu ne haka. Ni kaina tun ina ƙarami nake tsoron kare. Amma akwai wani tarihi da na karanta wanda ya sa na daina saurin yanke hukunci. Ku biyo ni.

2/ Mu fara daga Ingila, shekaru ɗari biyu da suka wuce. A lokacin akwai wani wasa: a ɗaure bijimi a turke, a saki karnuka su kama shi a hanci, jama'a na ihu ana caca. Karen da ake yin wannan da shi shi ne bulldog.

3/ A 1835 majalisar dokokin Birtaniya ta haramta wasan. Sai 'yan caca suka koma haɗa kare da kare faɗa, domin ɓoye karnuka biyu ya fi ɓoye bijimi sauƙi. Suka haɗa bulldog mai ƙarfi da terrier mai zafin nama. Wurin faɗan kamar rami ne da aka kewaye, daga nan sunan "pit" ya samo asali.

4/ Daga wannan haɗin aka sami jinsi daban-daban. A shekarun 1860 wani mai suna James Hinks a Birmingham ya fitar da farin Bull Terrier don gasar nuna karnuka. Akwai kuma Staffordshire Bull Terrier, da American Pit Bull Terrier. Yau duk kare mai faɗin kai da ƙirji sai ka ji an ce pitbul ne.

5/ Masu ƙaura suka tafi da su Amurka. Wasu sun ci gaba da faɗa da su, wannan gaskiya ne. Amma da yawa karnukan gona ne da na gida. An fara yi musu rajista a 1898. A fina-finan yara na Our Gang, karen da ke yawo da yaran, Petey mai zobe a ido, irin wannan jinsin ne.

6/ To ina aka samu matsala? Shekarun 1980. Faɗan karnuka ya dawo a ɓoye, masu son a ji tsoronsu suka fara neman pitbul. A Yulin 1987 mujallar Sports Illustrated ta sa hoton pitbul ya wage baki a bangonta, tana gargaɗin mutane. Masu neman mugun kare suka ƙara sanin wanda za su saya.

7/ Dokoki suka biyo baya. Birnin Denver ya haramta su a 1989, Birtaniya ta yi dokar karnuka masu haɗari a 1991. Har ƙarya ta yaɗu cewa muƙamuƙinsu na kullewa idan sun ciji abu. Babu wani makulli a bakinsu, ƙirarsa irin ta sauran karnuka ce.

8/ A gidajen ajiye karnukan da ba su da mai su, ƙa'idar a wancan lokacin ita ce: duk karen da aka ƙwato daga masu faɗa, da an gama shari'a sai a yi masa allurar mutuwa. Ba a ma gwada halinsa.

9/ Sai Afrilun 2007. 'Yan sanda suka shiga wani gida a yankin Surry na jihar Virginia kan binciken ƙwayoyi. Gidan na Michael Vick ne, tauraron ƙwallon Amurka na Atlanta Falcons, wanda kwantiraginsa ya kai dala miliyan 130. A bayan gidan suka tarar da sansanin faɗan karnuka.

10/ Wasu karnukan na ɗaure da sarƙa a jikin ƙarafan mota da aka binne a ƙasa, kusa da juna amma ba sa iya taɓa juna. Takardun kotu sun nuna waɗanda ba su nuna zafin faɗa ba kashe su ake yi, ta hanyar rataya ko nutsarwa a ruwa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

11/ Vick ya amsa laifi, a Disambar 2007 aka ɗaure shi wata 23. Saura pitbul 51 da aka kwashe. Manyan ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi biyu, PETA da Humane Society, suka ce a kashe su. Eh, masu kare dabbobin ne da kansu.

12/ Wasu kuma suka ce a'a, a duba kowane kare shi kaɗai. Kotu ta yarda. Ƙwararru daga ASPCA da wata ƙaramar ƙungiya ta Oakland mai suna BAD RAP suka gwada su ɗaya bayan ɗaya: a taɓa shi, a matso kusa da abincinsa, a nuna masa 'yar tsana mai girman yaro, a kawo wani kare.

13/ Sakamakon ya ba kowa mamaki. Guda ɗaya tak aka kashe saboda zafin rai. A ƙarshe 47 suka tsira. Abin da ya fi damun yawancinsu tsoro ne. Da mutum ya matso sai su baje a ƙasa kamar tabarma, su ƙi motsi.

14/ Kotu ta naɗa farfesar shari'a Rebecca Huss ta tsaya wa karnukan ta raba su, aka kuma sa Vick ya biya kusan dala dubu 928 na kula da su. Guda 22 da suka fi wahala aka kai gidan dabbobi na Best Friends a jihar Utah. Sauran suka tafi ƙananan ƙungiyoyi da gidajen riƙo.

15/ Wadda labarinta ya fi tsaya mini a rai ita ce Jasmine. Wata mata a Maryland ta ɗauke ta riƙo. Jasmine ba ta yarda ta fito daga kejinta, ko fitsari za ta yi sai an ɗauke ta cak an kai ta waje. Da an taɓa ta sai jikinta ya sanƙare.

16/ Ba wani siddabaru aka yi ba. Abinci a lokaci ɗaya kullum, fita a lokaci ɗaya, babu duka, babu tsawa. A zauna kusa da ita ba tare da an tilasta mata ba. Da wasu karnuka masu natsuwa da take kwaikwayo. Sai da aka ɗauki watanni kafin ta saba fita da ƙafarta.

17/ A Disambar 2008, Sports Illustrated ɗin nan da ta tsorata mutane a 1987 ta sake sa pitbul a bangonta. Wannan karon Jasmine ce. Abin tausayi, mota ta buge ta ta mutu a 2009.

18/ Sauran fa? Leo ya zama karen da ke ziyartar masu cutar daji a California. Jonny Justice ya riƙa zuwa laburare yara na yi masa karatu. Georgia, wadda aka same ta ba haƙori, ta samu gida daga baya. Na ƙarshensu, Frodo, ya mutu a Disambar 2021.

19/ Amma kar mu yi wa labarin kwalliya. Lucas da Meryl, kotu ta ce ba za su taɓa zama a gidan kowa ba, a Best Friends suka ƙare rayuwarsu. Wasu har suka mutu tsoro bai sake su ba. Waɗanda aka bayar ma sai da suka ci jarrabawar ɗabi'a.

20/ Kuma kare ne mai ƙarfi, cizonsa ba wasa ba. Ingila da Wales sun hana mallakar XL Bully ba tare da izini ba daga 2024, bayan an rasa rayuka. Iyayen yaron da aka ciza ba sa buƙatar wa'azina, kuma suna da gaskiya su yi fushi.

21/ Mukan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To amma ku tuna lamba 10. Mutanen da sana'arsu fitar da mugun kare ce, da kuɗi da zaɓaɓɓen jini, sai da suka riƙa kashe waɗanda suka ƙi faɗa. Da jini kaɗai ya isa, me ya kawo rataya?

22/ Wani bincike da mujallar Science ta wallafa a 2022, kan karnuka sama da dubu 18, ya gano jinsi yana bayanin kusan kashi 9 cikin ɗari ne kawai na bambancin hali tsakanin kare da kare.

23/ Shari'ar ta canja abubuwa. A 2009 Humane Society ta sauya matsayi, ta koma goyon bayan gwada kowane kare shi kaɗai. A 2011 wata ƙungiya ta sayi gidan Vick ɗin ta mai da shi wurin farfaɗo da karnukan da aka ɗaure da sarƙa. A 2020 mutanen Denver suka kaɗa ƙuri'ar janye haramcin.

24/ Don haka idan bidiyo irin na jiya ya sake fitowa, tambayata ita ce: wa ke da karen? A sarƙa yake wuni? Da yunwa da duka aka horar da shi don ya yi gadi? Kai kuma da kake son sayen pitbul don a ji tsoronka a layi, don Allah ka haƙura. Yaron maƙwabta ne zai biya, sannan karen.

25/ Ni dai har gobe in na ga kare a hanya sai na tsallaka titi 😅 Wanda ke son ƙari ya nemi littafin The Lost Dogs na Jim Gorant, 2010.