Bambancin Halitta Tsakanin Namiji da Tamata a Ƙwarin Ganye: Nazari a Kan Ƙwaron Wake

Tsakure

Wannan maƙala ta duba alamomin jiki da ake rarrabe namiji da tamata da su a dangin ƙwarin ganye, Chrysomelidae, inda ta fi mai da hankali kan ƙwaron wake, Callosobruchus maculatus. Matsayarta ita ce girman jiki, wanda ido ya fi saurin kamawa, shi ne alama mafi rauni, kuma ƙarshen ciki ya fi shi cancantar a dogara da shi.

Gabatarwa

Ire-iren ƙwarin wannan dangi da aka tantance sun haura 35,000, kuma ba doka ɗaya suke bi ba wajen bambancin jinsi. A Sagra buqueti na kudu maso gabashin Asiya, namiji ne ƙato, da cinyoyin baya kamar na kwaɗo. A Callosobruchus chinensis kuwa, ƙahonnin ji na namiji suna da haƙora kamar matsefi, na tamata kamar zarto. Ƙwaron wake, wanda Fabricius ya bayyana a 1775, a yau ana lissafa shi cikin wannan dangi, duk da cewa ba ganye yake ci ba. Shi ne mai huda wake a buhu da rumbu a ƙasar Hausa.

Alamomin Waje

Tsawon ƙwaron kimanin milimita 3 ne. Galibi tamata ta fi girma da duhu, namiji ya fi karkata zuwa ruwan ƙasa. Sai dai girman baligi ya danganta ne da abin da ya ci yana tsutsa, domin bayan ya fito daga ƙwayar wake ba ya ƙara girma. Tamatar da ta yi cunkoso da wasu tsutsotsi a ƙwaya ɗaya tana iya fitowa ƙanƙanuwa, har a ɗauke ta namiji.

Abin dubawa shi ne faifan da ke rufe ƙarshen ciki, inda fukafukai masu tauri ba su kai ba. Da madubin ƙara girma, na tamata za a gan shi faffaɗa, da baƙin tabo dama da hagu, farin zane ya ratsa tsakiya. Na namiji ƙarami ne, ba shi da waɗannan tabbuna. Nan ma akwai togaciya: idan cunkoso da zafi suka yi yawa, akan sami samfurin da ke tashi sama, wanda bambancin jinsi a jikinsa ya dusashe ƙwarai. Ya kamata duk mai ƙidayar jinsi ya fayyace samfurin da ya yi aiki da shi, in ba haka ba alƙalumansa ba za su kwatantu da na wani ba.

Bambancin Ciki

Al'aurar namiji tana ɗauke da ƙayoyi masu tauri. Crudgington da Siva-Jothy sun nuna a mujallar Nature a 2000 cewa ƙayoyin suna raunata cikin al'aurar tamata lokacin barbara, ita kuma tana harbin namiji da ƙafafun baya, abin da ke taƙaita barbarar ya rage raunin. A ganina wannan ne bambanci mafi nauyi, domin ya taɓa tsawon ran tamata, ita da ke manna ƙwai a jikin wake cikin rayuwar da ba ta cika wuce mako biyu ba.