ESP32: guntun da ke haɗa ma'aunin zafi da intanet

ESP32 ɗan guntun lantarki ne mai ɗauke da Wi-Fi da Bluetooth, wanda kamfanin Espressif na ƙasar Sin ya fitar a 2016. Ni da shi nake gadin firizar kifina a Legas: na jona masa ma'aunin zafi samfurin DS18B20, sanyi na raguwa sai saƙo ya shigo wayata.

Abu uku nake jan kunne a kai. Ƙafafunsa 3.3V suke ɗauka, ka ba su 5V kana iya ƙona shi. Wi-Fi mai 2.4GHz kaɗai yake kamawa. Sannan ka ɗora shi da MiFi ɗinka a kan batir. In ba haka ba, ana ɗauke wuta zai yi gum, kaya su ruɓe ba ka da labari.