Tsofaffin motocin Kuba, gadon gida

Kafin juyin juya halin 1959, titunan Havana cike suke da Chevrolet, Ford da Buick ƙirar Amurka. Da Amurka ta ƙaƙaba wa Kuba cikakken takunkumi a 1962, kayan gyara suka yanke. Har zuwa 2011, motocin da suka shigo kafin juyin ne kaɗai doka ta bari talaka ya saya ko ya sayar. Sai tsohuwar mota ta zama dukiyar iyali. Uba da 'ya'yansa kan wuni a ƙarƙashinta, su dasa mata injin Lada ko na dizal, su ƙera abin da babu a kasuwa. Ɗa ya gaji motar har da sanin gyaranta, yau kuma da ita yake ɗaukar 'yan yawon buɗe ido ya ciyar da gida.