Jirgin Yaƙin Da Muka Saya Sau Uku

Duk direban da ya taɓa riƙe tsohuwar mota a hanyar Gwaram zuwa Birnin Kudu ya san ranar saye ita ce rana mafi sauƙi. Wahalar tana gaba, ranar da wani ɗan ƙarfe zai karye a ce sai an je Ƙofar Ruwa a Kano, a je kuma a tarar babu. To haka jirgin yaƙi yake, sai dai shi Ƙofar Ruwarsa tana wata ƙasa, kuma mai shagon yana iya garƙame ƙofa duk ranar da ya ga dama. Tarihin da zan kawo yau na wani dangin jirgi ne da Najeriya ta saya har sau uku cikin shekara 46, kowane karo a hannun wani daban.

A Kano labarin ya faro. An kafa rundunar sojan sama ta Najeriya a 1964, Jamusawa ne suka fara horar da ita, amma har yaƙin basasa ya ɓarke a Yulin 1967 ba ta da jirgin yaƙi na sosai. Ingila da Amurka suka ƙi sayar mata, sai gwamnatin Gowon ta juya wajen Tarayyar Sobiyet. A watan Agusta na wannan shekarar manyan jiragen dakon kaya suka riƙa sauka a filin jirgin saman Kano ɗauke da jirage samfurin MiG-17 a warware, aka harhaɗa su a nan. Da yake ba mu da isassun matuƙa, har matuƙan ma sai da aka ɗauko haya daga Masar da wasu ƙasashe.

Bayan yaƙi kuɗin fetur ya shigo, sai a 1975 aka sayo ƙanensa, wato MiG-21, guda 31 har da na koyon tuƙi. Jirgi ne ɗan siriri mai fukafukai kamar kan kibiya, gudunsa ya ninka na sauti sau 2, kuma Sobiyet kaɗai ta ƙera fiye da 10,000. Wannan shi ne saye na farko. A farkon shekarun 1980 aka ƙaro Alpha Jet guda 24, ƙirar haɗin gwiwar Faransa da Jamus, a 1984 kuma aka fara karɓar Jaguar guda 18 daga Ingila. A takarda dai babu kamarmu a Afirka ta Yamma. Amma da farashin fetur ya faɗi, kuɗin kayan gyara da na garambawul ya gagara. Kafin a yi nisa cikin shekarun 1990 an jingine Jaguar, waɗanda ko shekara 10 ba su yi suna aiki ba, su ma MiG-21 suka bi sahu, rana da ruwan sama suna cin su a Makurdi.

Yanzu mai karatu mu leƙa mu ga abin da wasu suka yi da wannan jirgi da muka jingine. A farkon shekarun 1960 Sobiyet ta ba Chaina zanen MiG-21 da izinin ƙera shi, amma da zumuncinsu ya yi tsami aka bar Chaina da takardun da ba su cika ba. Injiniyoyinta suka zauna suka warware jirgin ƙusa bayan ƙusa har suka gane kansa, nasu juyen ya tashi a 1966 da sunan J-7, na sayarwa waje kuma F-7. Ba su tsaya nan ba, suka yi ta yi masa kwaskwarima, yau a sauya fukafuki, gobe a sauya rada, har zuwa 2013 da suka daina ƙera shi. Shi ne Najeriya ta ƙulla cinikinsa a 2005, guda 12 da na koyo 3, a kan kuɗi wajen dala miliyan 250. Wato mun sake sayen jirginmu na 1975 da sabuwar riga. Saye na biyu ke nan.

Ita ma Pakistan tana da F-7, kuma a shekarun 1980 ta so a sabunta shi da taimakon kamfanin Grumman na Amurka. Aikin ya watse, musamman bayan takunkumin da aka ƙaƙaba wa Chaina a 1989. A 1990 kuma Amurka ta saka wa ita Pakistan ɗin takunkumi saboda shirinta na nukiliya, ta riƙe jirage F-16 guda 28 da aka ƙera mata, alhali ta zuba kuɗi a kansu. Wannan marin ne ya farkar da ita cewa kayan aro ba ya rufe katara. A 1999 ta sa hannu da Chaina za su ƙera sabon jirgi tare, kamfanin Chengdu da masana'antar jirage ta garin Kamra. Jirgin, mai suna JF-17 Thunder, ya fara tashi a Agustan 2003, kuma a ƙarshen 2009 na farko da aka haɗa a Kamra ya fito. Sabon zane ne, amma daga wancan aikin gyaran F-7 ya tsiro, don haka jika ne a gidan.

Abin lura shi ne yadda suka raine shi mataki-mataki. Rukuni na 1, guda 50, ya fito da abin da ya sauƙaƙa, don dai a fara tashi a ga inda gyara yake. Rukuni na 2 aka ƙara masa hanyar shan mai yana sararin sama, aka inganta kwamfutocinsa, aka ƙara nauyin makaman da yake ɗauka. Rukuni na 3, wanda ya fara tashi a Disambar 2019, shi aka sauya wa ido. Tsohuwar rada faranti ce da take juya kai tana leƙe, sabuwar kuwa ɗaruruwan ƙananan idanu ne a jere, ba ta motsi, tana bin jirage da yawa a lokaci guda. An kuma ba matuƙi hular kwano mai nuna masa bayanai a gaban idonsa. Har yau ba komai Pakistan take yi da kanta ba, injin ma na Rasha ne, amma kashi 58 cikin 100 na gangar jikin a Kamra ake yi. Guda 3 na rukuni na 2 Najeriya ta saya, aka ƙaddamar da su a Makurdi a watan Mayun 2021. Saye na uku.

Kada wani ya ce ina ruwan talaka da wannan. Jirgin nan a kan ƙauyukanmu yake shawagi, kuma mutumin da yake cikinsa ba ya bambance ɗan bindiga da manomi sai da na'urar da aka ba shi da bayanin da aka aiko masa daga ƙasa. Ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin sojan sama ya jefa bom bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a jihar Barno, mutane fiye da 100 suka rasu, binciken soja ya ce ba a nuna sansanin a taswirar aiki ba. Ashe sabunta jirgi ya haɗa har da taswira, da sadarwa, da horon mutanen da suke kewaye da shi.

Ba za a ce ba a taɓuka komai a gida ba. A 1989 an fito da ƙaramin jirgin koyo mai suna Air Beetle a Kaduna. A nan Kaduna ɗin aka ƙaddamar da jirage marasa matuƙi masu sunan Hausa, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018. A zamanin Sadique Abubakar, mutumin Azare maƙwabtanmu, wanda ya shugabanci rundunar daga 2015 zuwa 2021, kanikawan soja sun ɗaura wa wasu Alpha Jet makamai da hannunsu, kamfanin Innoson na Nnewi kuma ya yi musu kayan birki. Alpha Jet ɗin nan da suka yi yaƙin Laberiya da na Saliyo, su aka yi ta lallaɓawa har suka yi na Boko Haram.

Matsalarmu ita ce kowane yunƙuri sai ya tsaya a rukuni na 1, in mai shi ya sauka a fara sabon lale. Kamra kuwa da garambawul ɗin jiragen Chaina ta fara a shekarun 1970, sai da ta shekara 30 da ɗoriya tana wannan aikin kafin ta haɗa JF-17. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Duk ranar da aka zo cinikin jirgi na huɗu, abin da ya kamata wakilanmu su tambaya kafin farashi shi ne, wane ɓangarensa za a riƙa yi a Kaduna, kuma yaranmu nawa za a koya wa?