Daga Iskandariyya Zuwa Ajin Firamare: Tarihin Cikakkiyar Jimla a Turanci

Duk wanda ya taɓa zama a kan bencin firamare a Nijeriya ko Gana ya san amshin. Malami zai buga bulala a kan teburi ya tambaya mece ce jimla, yara kuma su amsa baki ɗaya cewa jerin kalmomi ne masu ba da cikakkiyar ma'ana. Yawancin masu wannan hadda sun ɗauka Turawan Ingila ne suka ƙirƙiro ta. Alhali kuwa ta girmi harshen Turanci kansa da ɗaruruwan shekaru.

Asalinta yana cikin wani ɗan ƙaramin littafin nahawun Girkanci da ake jingina wa Dionysius Thrax, wanda ya yi karatu a Iskandariyya ta Masar fiye da shekara ɗari kafin haihuwar Annabi Isa. Littafin ya kasa kalmomi gida takwas, ya kuma bayyana jimla a matsayin kalmomin da aka haɗa su suka ba da tunanin da ya tsaya da ƙafarsa. Wajen shekara ta 500 miladiyya, wani malami mai suna Priscian da ke koyarwa a Kustantiniyya ya rubuta babban nahawun Latin mai kashi 18, ya ɗauko wannan ma'ana ya sa mata rigar Latin. Da littafinsa makarantun Turai suka yi ta tinƙaho kusan shekara dubu.

A wancan zamani rubutu ba shi da fasalin da aka sani yau. Marubutan Girka da Rum kan jera haruffa manne da juna, babu tazara tsakanin kalma da kalma, sai mai karatu ya ɗaga murya kunnensa ya gaya masa inda zance ya ƙare. Sufayen Kirista na Ayalan da Ingila, waɗanda Latin ba harshensu ba ne, su ne suka yawaita raba kalmomi a ƙarni na 7 da na 8 don sauƙaƙa wa kansu. Wato an daɗe da sanin jimla da kunne kafin a san ta da ido.

Wajen shekara ta 1000, wani sufi Ba'ingile mai suna Aelfric ya rubuta nahawun Latin da tsohon Turanci, yana ɗibar bayaninsa daga Priscian. Ta wannan ƙofa ilimin ya shiga harshen mutanen Ingila, amma don a koyi Latin, ba Turanci ba. Ko a zamanin Sarki Henry na Takwas, nahawun da fada ta wajabta wa makarantu wajen 1540, wanda ake kira da sunan William Lily, na Latin ne. Ita kanta kalmar "sentence" daga Latin ta fito, inda take nufin ra'ayi ko hukunci. Shi ya sa har gobe alƙalin Ingila da malamin nahawu kalma ɗaya suke amfani da ita, wannan wajen yanke wa mai laifi hukunci, wancan wajen gyara rubutun ɗalibi.

Na'urar ɗab'i ce ta ɗaure jimla tamau. William Caxton ya kafa maɗaba'arsa a Westminster a 1476, kuma a littattafansa wani karkataccen layi ne ke yawan nuna wurin tsayawa. Sannu a hankali masu ɗab'i suka daidaita a kan babban harafi a farko, waƙafi a tsakiya, aya a ƙarshe. A 1586 William Bullokar ya fitar da nahawun Turanci na farko da aka rubuta da Turanci, shi ma a kan ƙirar Lily ya ɗora shi.

Ƙarni na 18 ne ya mayar da abin sana'a. 'Ya'yan 'yan kasuwa da masu sana'a suna son su yi magana irin ta manyan gari, saboda haka littafin gyaran harshe ya yi kasuwa. Robert Lowth, wanda daga baya ya zama bishop na Landan, ya wallafa nasa a 1762, yana zaƙulo abin da ya kira kurakurai har daga rubutun manyan marubuta. Sai kuma Lindley Murray, lauya haifaffen Amurka da ya koma zama kusa da birnin York. A 1795 ya rubuta nahawu don wata makarantar 'yan mata da ke garin, bai san zai bi duniya ba. An yi ta sake buga littattafansa a Ingila da Amurka, aka sayar da miliyoyi. A 1877 wasu malamai biyu na Brooklyn, Alonzo Reed da Brainerd Kellogg, suka yaɗa dabarar zana jimla a allo: dogon layi a kwance, gajere a tsaye ya raba wanda ake magana a kansa da abin da aka faɗa game da shi, sauran kalmomi na reto a ƙasa kamar rassa.

Mulkin mallaka ya yi dakon wannan gado zuwa Indiya da Afirka. A Arewacin Nijeriya, Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, aka kuma buɗe Kwalejin Katsina a 1922, wadda ta yi suna wajen horar da ɗalibai su iya Turanci da kyakkyawan lafazi. Sai dai batun cikar zance ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Almajirin zaure da ya karanta Ajuruma, littafin Ibn Ajurrum na birnin Fas wanda ya rasu a 1323, ya san cewa da wannan mas'ala aka buɗe shi: ba a kiran lafazi zance sai an harhaɗa shi ya ba da fa'ida. Masu sharhi suka ce fa'idar ita ce mai magana ya yi shiru ba tare da ya bar mai sauraro yana jiran ragowa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne kowane harshe da yadda yake cika zancensa. Bahaushe zai ce "Musa malami ne" ko "Akwai ruwa", magana ta cika babu aikatau ko ɗaya. Rubutaccen Turanci kuwa yana neman aikatau a kowace jimla, yana kuma neman wanda aikin ya rataya a wuyansa, ko da na jeka-na-yi-ka ne. Don a ce ana ruwa, sai an ce "It is raining", kuma babu wanda zai iya nuna abin da wannan "it" ɗin yake nufi. Da yawa daga jan biron da ke cika littafin ɗan makaranta daga wannan bambanci yake fitowa, ba daga rashin tunani ba.

A ƙarni na 20 masana suka fara tuhumar tsohuwar haddar. Charles Fries na Jami'ar Michigan ya lura cewa ma'anonin da aka ba jimla sun haura 200, kuma idan aka ce mutum ya ƙirga jimlolin da ke shafi, ba tunani yake ƙirgawa ba, aya da babban harafi yake bi. Sai ya naɗi hirar tarho ta kimanin awa 50, ya gina littafinsa na 1952 a kanta. Abin da ya ji shi ne mutane na amsa tambaya da kalma ɗaya, suna soma zance su sake shi, wani ya ƙarasa wa wani, kuma kowa na fahimta sarai. A 1959 Randolph Quirk ya soma irin wannan aiki a Ingila, yana tara Turancin baka da na rubutu gefe da gefe.

Binciken bai kori tsohuwar ma'anar daga aji ba, amma ya nuna iyakarta. Mai magana yana da murya da fuska da abokin hira da zai ce masa "me ka ce?". Mai rubutu ba shi da ko ɗaya, don haka dole jimlarsa ta ɗauki kayanta da kanta. Hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1952, shekarar da littafin Fries ya fito, har yau da ma'aunin rubutu take duba insha'in ɗalibai, kuma jimlar da ta rasa aikatau tana jawo asarar maki.